Mazda RX-8 a Jos: yadda mataccen koyil ya kusa sa a yar da injin da bai mutu ba

Motar da ake magana a kanta Mazda RX-8 ce ƙirar 2005, mai giyar hannu shida, irin wadda aka ƙera don kasuwar Amurka. Ta yi wasu shekaru a Abuja kafin wani ɗan kasuwa mazaunin Rayfield ya saye ta ya hau da ita Jos, agogonta na nuna mil 86,000, wato kimanin kilomita 138,000. Bayan wata bakwai aka jawo ta garejinmu da igiya. Kafin ta iso, bakanike biyu sun riga sun yanke mata hukunci: inji ya mutu, a sauke shi a dasa na Toyota.

Koken mai motar uku ne. Na farko, ranar wata Asabar cikin Disamba, da sanyin safiya, yaron gida ya tayar da ita ya fito da ita daga rumfa zuwa tsakar gida don wanki, ya kashe, kuma tun daga lokacin ba ta sake tashi ba. Na biyu ya girmi na farko: idan ta yi zafi aka kashe ta a gidan mai, sai an daɗe ana murza makulli kafin ta kama. Na uku, a dawowarsa ta ƙarshe daga Abuja ta kasa jan Hawan Kibo yadda ta saba, allurar juyin inji ta ƙi wuce 6,000, fitilar inji tana ƙyaftawa, ƙasan kujerar fasinja kuma ya ɗauki zafi har ana ji a tafin ƙafa.

Injin da ba shi da fistin

Duk wanda zai taɓa wannan mota sai ya fara ajiye abin da ya sani game da Corolla da Golf. Injinta, wanda Mazda ta sa wa suna Renesis, na zuriyar ƙirar Bajamushen nan Felix Wankel ne. Ba fistin, ba ringi, ba bawul, ba kamshaf. Abin da ke ciki rota biyu ne, kowanne mai kusurwa uku, yana juyawa a cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu. Kowace fuskar rota ɗaki ce mai zaman kanta, tana shaƙar iska da fetur, ta matse, ta ƙona, ta fitar da hayaƙi a zagaye guda. Girman injin a takarda lita 1.3 ne kacal, amma yana juyawa har 9,000 a minti, Mazda kuma ta ce na wannan shekarar yana ba da ƙarfin doki 238. Kamfanin ya fara sayar da mota mai irin wannan inji a 1967, ya ci tseren Le Mans da shi a 1991, ya ƙera RX-8 daga 2003 zuwa 2012.

Abin da ke riƙe matsin iska a ɗakunan nan siraran ƙarafa ne da ake kira sil. A kan kowace kusurwa akwai afes sil mai kaurin milimita 2, uku ga kowane rota, sai sil na gefe guda shida da na lungu guda shida. Kullum suna gogar bangon gidan, don haka dole a shafa musu mai. Injin yana da ɗan famfo da ke ɗiban baƙin mai daga cikinsa yana fesawa cikin ɗakin ƙuna da gangan. Shan baƙin mai a RX-8 ba ciwo ba ne, haka aka ƙera ta. Ƙirar 2004 zuwa 2008 tana da nozul biyu na wannan mai ga kowane rota, tsakiyar afes sil ba ya samun isasshe, shi ya sa daga ƙirar 2009 aka ƙara na uku a tsakiya. Matsalar ta yi yawa a Amurka har Mazda ta tsawaita garantin injin ƙirar 2004 zuwa 2008 ya kai shekara 8 ko mil 100,000. Saboda haka ba a ce motar ba ta da laifi ba. Tana da rauni sananne, kuma wanda ya saye ta ya sayi raunin tare da ita.

Abin da aka tarar

An fara da kwamfutar mota. Lambobin da suka fito su ne P0300 da P0302, wato wuta tana tsallake, musamman a rota na baya, sai P0420 da ke nuna matatar hayaƙi, wadda 'yan gareji ke kira indomi, ba ta aiki. An cire tayar gaba ta hagu, domin ta nan ake kai hannu ga fulogi. Fulogi huɗu ne, biyu ga kowane rota: na ƙasa shi ne jagora, NGK RE7C-L, na sama mai bin baya, RE9B-T. Dukansu sun fito baƙi ƙirin, sharkaf da fetur. Biyu daga cikinsu ma ba na wannan mota ba ne, wani ya ɗaura fulogin mota gama-gari a ramin ƙasa.

Koyil, wato na'urar da ke ba fulogi wutar tartsatsi, shi ma huɗu ne, kowane fulogi da nasa. Da aka gwada su da ma'aunin tartsatsi, na jagoran rota na baya ba ya ba da komai, ɗaya kuma tartsatsinsa ja ne mai rauni. A nan ne labarin motar ya fara fitowa. A injin fistin mai bugu huɗu, fulogi yana tartsatsi sau ɗaya a juyi biyu. A wannan injin kowane fulogi yana tartsatsi a kowane juyi, ga shi injin yana juyi da yawa, ga koyil ɗin an ɗaure su kusa da zafi. Masu motar a ko'ina sun san koyil na asali ba ya wuce kimanin kilomita 50,000 da lafiyarsa. Waɗanda ke kan wannan mota, bisa ga alama, tun Amurka suke.

Idan koyil ɗin jagora ya mutu, motar ba ta tsayawa, domin fulogin sama yana ɗan rufa asiri. Direba sai ya ji kamar ta yi nauyi kawai. Amma fetur ɗin da bai ƙone ba yana yin ɓarna biyu. Yana wanke man da ke kan bangon gidan rota, sil su riƙa gogar busasshen ƙarfe. Sauran kuma ya wuce salansa ya je ya kama wuta a cikin indomi. Da aka kwance indomin wannan mota aka haska fitila, rabin saƙar da ke ciki ta narke ta dunƙule. Hayaƙi ba ya samun hanya, zafi yana komawa cikin inji. A Renesis ramukan fitar hayaƙi suna jikin bangon gefe ne, sil na gefe suna bi ta kansu a kowane zagaye, don haka zafin da ya taru a wurin yana kashe ƙarfin sifirin da ke tura su. Wannan shi ne zafin da aka ji a ƙasan kujera a Hawan Kibo, shi ne kuma dalilin da ya hana allura wuce 6,000. Fitilar inji mai ƙyaftawa, ba mai tsayawa cak ba, tana nufin a sauka daga totur nan take. An yi kusan kilomita 70 a haka kafin a iso gida.

Ƙin tashi na ranar wanki kuwa abu ne da aka sani. Inji mai sanyi yana karɓar fetur da yawa. Idan aka kashe shi kafin ya yi ɗumi, fetur ɗin yana kwanciya a ɗakunan, ya jiƙa fulogi, ya wanke man da ke taimaka wa sil riƙe matsi. Safiyar Jos a tsakiyar hunturu, lokacin da sanyi kan sauko kusa da digiri 10, ita ce yanayin da ya fi jawo haka. Da koyil lafiyayyu da batir mai ƙarfi, sau da yawa motar takan tsallake. Da mataccen koyil ba ta da dama. Daga nan aka yi ta murza makulli har batir ya kwanta, kowane murzawa yana ƙara fetur a kan fetur.

Gwajin matsi, da abin da tsaunin Jos ke yi masa

Kafin a auna matsi sai da aka tayar da ita. An cire fiyus ɗin famfon fetur, an cire fulogi, an zare soket ɗin na'urar da ke karanta juyin inji don kada wuta ta zo, aka murza na daƙiƙa 10 sau da yawa, ana hutawa rabin minti tsakani, har hazon fetur ya daina fita daga ramukan. An ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ƙananan bututun da ke jikin manifol, ɗaya ga kowane rota. Da sababbin fulogi da koyil, ta kama a murzawa ta uku, ta cika gareji da farin hayaƙi na kusan minti goma.

Bakaniken da ya ce inji ya mutu ya auna matsi, kuma lambar da ya gani ƙasa take ƙwarai. Sai dai an auna ta hanyar da ba ta dace da wannan inji ba, ta fuska huɗu. Injin yana da sanyi kuma cike da fetur. Batir ya yi rauni, kik, wato motar tayar da inji, yana juya shi kusan sau 200 a minti, alhali a injin rota lambar matsi tana hawa da sauka tare da saurin juyi. Gejin da aka yi amfani da shi na injin fistin ne, mai riƙe lamba ɗaya, wanda ba ya bambance fuskoki ukun rota. Na huɗu kuma, ba a yi lissafin tsawo ba.

Ma'aunin Mazda shi ne 830 kPa (kPa ma'aunin matsin iska ne) ga sabon inji, 680 kPa mafi ƙaranci, a juyi 250 a minti, inji da zafinsa, a matakin teku. Bambanci tsakanin fuskokin rota ɗaya kada ya wuce 150, tsakanin rota biyu kada ya wuce 100. Jos tana sama da mita 1,200. Nauyin iska a nan kusan 88 kPa ne, a bakin teku kuwa 101. Injin da ya shaƙi iska marar nauyi zai matse ta ya ba da lamba ƙasa da kusan kashi 13 cikin ɗari, ko da sabo ne fil. Wanda ya ɗauki lambar Jos ya ɗora ta kai tsaye a kan lambar littafi zai kashe injuna da yawa da bakinsa.

An sa sabon batir, an kankare wayar ƙasa da ta yi tsatsa, juyi ya dawo 250. An ɗumama inji sosai, aka sa gejin rota mai karanta kowace fuska daban, totur a buɗe har ƙasa. Rota na gaba ya ba da 650, 640, 650. Na baya ya ba da 605, 595, 610. A ido, duka shida sun faɗi. Da aka raba kowace da 0.87 don lissafin tsawon Jos, na gaba ya koma kusan 747, 736, 747, na baya kuma 695, 684, 701. Rota na gaba yana da sauran rai mai kyau. Na baya, wanda ya yi watanni yana aiki da mataccen koyil, yana tsaye a bakin iyaka amma bai faɗa ba. Lambobin kuma sun yi kusa da juna, alamar cewa babu sil da ya karye, lalacewa ce ta gogewa a hankali. Da afes sil ɗaya ya karye, fuskoki biyu za su faɗi warwas su bar ɗaya a tsaye.

Abin da aka faɗa wa mai motar ke nan: «Alhaji, injinka bai mutu ba, amma ya tsufa fiye da shekarunsa. Idan aka gyara wuta da salansa aka canza yadda ake tuƙa ta, za ta yi maka aiki. Obahol yana nan tafe, sai dai ba yau ba.»

Gyaran da aka yi

Koyil huɗu aka canza gaba ɗaya, da na Mazda masu lambar da ke ƙarewa da C, tare da wayoyin fulogi da fulogi huɗu na asali. Canza ɗaya a bar uku asarar kuɗi ce, domin tare suka tsufa. Ba a samu ko ɗaya a kasuwar kayan mota ta Dilimi ba, kuma ba abin mamaki ba ne, motar ba ta da yawa a ƙasar nan. Daga waje aka yi odarsu, suka ɗauki kusan mako uku. A kula da jabun fulogi, suna yawo da kwali mai kama da na gaske. A kula kuma kada a musanya na sama da na ƙasa, domin ba ɗaya suke ba.

Kan indomi an yi muhawara. Abin da aka saba shi ne a fasa a zubar da cikinta a mayar da kwanson. A wannan mota hakan yana kawar da toshewa, amma hayaƙin injin rota yana da ɗanyen fetur da yawa, warinsa yana shiga kaya yana sa hawaye a cunkoson Terminus, ƙara tana ƙaruwa, fitilar inji kuma ba za ta mutu ba, ta yadda ranar da sabuwar matsala ta zo ba wanda zai lura. Mun fi son a sa wata, kuma mai jure zafi, domin hayaƙin rota ya fi na injin fistin zafi nesa ba kusa ba, ƙaramar indomi mai araha ba ta daɗewa a wurin. Haka aka yi.

An zubar da baƙin mai saboda fetur ya gauraye da shi. Juyewa ɗaya tana fitar da kusan lita 3.5 ne kawai, sauran yana maƙale a kuloli biyu masu sanyaya mai da ke bayan bamba da bututunsu, don haka aka canza, aka yi kilomita 500, aka sake canzawa. Littafin Amurka ya ce 5W-20. A zafin ƙasar nan da inji mai wannan shekaru, 10W-40 aka zuba. An wanke lagireto da kulolin mai daga baya zuwa gaba, ƙurar hunturu da ƙwari sun toshe kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskarsu. An zubar da ruwan rijiyar da aka tarar a ciki, aka sa ruwan lagireto na gaske, kusan lita 10. An kuma tarar an cire tamostat, kamar yadda ake yi wa motoci da yawa da sunan maganin zafi. An mayar. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki yana ci gaba da shan fetur mai yawa yana tara baƙin gawayi, kuma a Jos, ba tamostat, da safe ba zai taɓa kaiwa ba.

Allurar zafi ta wannan mota ba abin dogaro ba ce. Tana zama a tsakiya ba motsi har sai zafi ya yi nisa, kuma zafi sau ɗaya tak yana iya cinye robobin da ke raba ruwa da ɗakin ƙuna, wanda gyaransa sai an wargaza inji. An sa ƙaramar na'ura a soket ɗin kwamfuta mai nuna zafin ruwa da lamba. Umarnin shi ne idan ta haura digiri 105 a rage gudu a kashe na'urar sanyi, idan ta ci gaba a tsaya.

Yadda ake zama da ita

Rabin matsalar ba a gareji take ba. Mai motar yana lallaɓa ta: daga gida zuwa shago kilomita biyar, canjin giya a 2,500, ba ya son jin inji yana kuka. Tausayin nan shi ke cutar da ita. Hanyoyin iska na injin suna buɗewa mataki-mataki, ɗaya a wajen 3,750, wani a wajen 6,250, na ƙarshe a wajen 7,250. Ƙofar da ba a buɗewa gawayi yana liƙe ta, gawayin kuma yana taruwa a ramukan sil ya hana su motsi. Ana so, bayan inji ya yi zafi sosai, a kai shi kusa da 8,000 ko sama a giya ta biyu aƙalla sau ɗaya a kowace fita, a buɗaɗɗen titi marar jama'a. Kafin ya yi zafi kuwa kada a wuce 3,000.

Ba a tayar da ita a kashe da sanyi. Idan dole ne a matsar da ita, a bar ta ta yi minti biyar, a riƙe totur a 3,000 na daƙiƙa 10, a sake, sannan a kashe. Wannan sai an koya wa duk wanda ke riƙe makulli a gidan, har mai wanki. Idan ta sha fetur duk da haka, a take totur har ƙasa a riƙe yayin murzawa, domin a haka kwamfutar tana yanke fetur.

Gejin baƙin mai a duba shi a kowane shan mai na biyu, galan ɗin ƙari kuma ya zauna a but. An ƙara da zuba man 2T mai kyau, mai shaidar JASO FD, kimanin mililita 250 a cikakken tanki na lita 60, don tsakiyar afes sil ya samu abin da nozul biyu ba sa ba shi. Mazda ba ta umarci haka ba, kuma yana rage wa indomi kwana kaɗan, amma ga rota da ke kan 684 mun ga ribar ta fi asarar. Man janareto na buɗaɗɗiyar kwalba a bakin titi ba ya cikin wannan magana.

Sai fetur. An ƙera motar don mai oktan 95, wato ma'aunin juriyar fetur kada ya fashe kafin lokacinsa, famfunan gidajen manmu kuwa ba sa rubuta oktan. A nan tsawon Jos yana taimakawa: iska marar nauyi tana rage wa injin ƙarfi da fiye da kashi goma cikin ɗari, amma tana rage haɗarin fetur ya fashe kafin lokacinsa, abin da afes sil ba ya jurewa. Haɗarin yana dawowa idan aka gangara Akwanga da Keffi zuwa Abuja a zafin Maris. A can kada a danna totur har ƙasa a babbar giya inji yana ƙasa da 3,000, a sauko giya a bar shi ya juya. A cikin gari kuma a sa rai da lita 14 zuwa 16 a kilomita 100, wato shan babbar jif a jikin ƙaramar mota. Ƙasanta bai fi santimita 12 daga titi ba, kulolin mai kuma suna can gaba a ƙasa, don haka tudun rage gudu da ramukan bayan damina sai a karkace a bi su a hankali.

Inda aka tsaya

Bayan kilomita 6,000 motar ta dawo aka sake aunawa, da geji ɗaya, a gari ɗaya. Rota na gaba bai motsa ba. Na baya ya ɗan hau da kusan 10 a kowace fuska, abin da ake gani idan gawayi ya saki sil, ba wai ƙarfen da ya goge ya dawo ba. Da sanyi tana tashi nan take. Da zafi tana ɗaukar daƙiƙa biyu zuwa uku, wannan kuwa ba zai tafi ba, domin gidan rota na alminiyam ne, yana buɗewa da zafi, sil da suka goge ba sa cike giɓin. An ba da shawarar sa kik na ƙirar 2009, wanda ya fi saurin juyi, da sharaɗin a san cewa yana ɓoye alamar ne kawai, ba ya warkar da ita.

Za a riƙa auna matsi duk kilomita 10,000. Ranar da fuska ɗaya ta sauka ƙasa da 680 bayan lissafin tsawo, ko tashin zafi ya wuce daƙiƙa biyar, a sauke inji tun yana tafiya da ƙafarsa. Obahol a wannan matakin sil ne da sifirin da robobin ruwa, wataƙila da gidan rota na baya idan rufin cikinsa ya ɓare. Idan aka jira har afes sil ya karye, gutsurensa yana kartar gida da rota da bangon gefe a juyi kaɗan, kuma waɗannan ukun su ne mafi tsada a injin. An shawarci mai motar ya fara odar kayan tun yanzu, ya kuma tabbatar wanda zai buɗe injin ya taɓa haɗa irinsa, yana da ma'aunin giɓin sil na gefe, domin kowane ɗaya daga cikin goma sha biyun sai an goge shi da hannu ya dace da raminsa.